Wace bardason zan saya da jikka ɗari zuwa ɗari da ashirin?

Baban Nana: Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nike nema wurin waɗanda suka san kayan sauti. Bara kafin azumi na sayi tele mai pus 43, wajen hoto kam ba ni da ta cewa, sautin ne ke damuna, in muka zauna kallon fim da dare ga vantilatar na juyawa ga yara na kai da kawowa sai ka ga bakin mutum na motsi amma ba ka jin abin da yake faɗa, in ka ƙara murya kuma da an zo wurin harbi ko kiɗa gida duka ya ɗauka sai uwargida ta ce a rage. Haka nike kwana da telekomandi a hannu, ƙara rage ƙara rage. Wani abokin aikina ya ce in nemi wannan doguwar sifika da ake ajewa gaban tele, wadda masu butiki ke ce ma bardason, wai akwai ma wadda ke sa ka ji sauti ta bayanka kamar a sinima. Abin da na tanada jikka ɗari ne, in ta matsa ɗari da ashirin. Salon ɗin mita 4 ne da 5, gidan haya a Lazaret. Wace iri zan nema kuma mi zan duba kada a cuce ni?

Ɗan Kabu-kabu 227: Wa alaikumus salam Alhaji. Mi ya kai ka kashe jikka ɗari, je Katako akwai wufa mai sifika biyar an rubuta 5000W a kwali, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin nan ya ishe ka, tawa in na kunna har bakin titi ana ji

Mai Gyara Katako: Ƙanena kada ka sa bawan Allah ya sayi abin da ba shi ya tambaya ba. Shi fa bai ce yana son a ji shi bakin titi ba, cewa ya yi ba ya jin magana. Kuma wannan 5000W da kake gani, duba kusa da shi za ka ga an rubuta PMPO da ƙananan baƙaƙe, lissafin talla ne kawai. Juya bayan wufar ka karanta ƴar takardar da aka manna kusa da wayar kuran, nan ake rubuta abin da take sha, za ka tarar da wat ƴan gommai ne. To abin da ke shan wat 60 daga bango ina zai samo 5000 ya ba ka? Lissafin da ake ɗan dogara da shi shi ne RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a kai a kai, shi ma ba shi ne ke nuna daɗin sauti ba.

Na biyu, yawancin waɗannan masu sifika biyar in ka duba bayansu ramin ja da fari kawai gare su sai kle da Bluetooth, wato sautin hagu da dama ne ake rarraba ma sifika biyar, dukansu abu ɗaya suke faɗa. Ina buɗe su kullum, na san abin da ke ciki.

Alhaji Baban Nana kafin mu yi nisa amsa mini biyu. Leƙa bayan telenka ka gaya mini ko akwai ramin HDMI da aka rubuta ARC ko eARC a gefensa, wato ramin da ke fitar da sautin tele zuwa bardason, ko kuma wani ƙaramin rami mai ƴar ƙofa da aka rubuta Optical. Sannan finafinan da kuke kallo daga ina suke fitowa?

Baban Nana: Na gode Malam. Na haska da toci yanzu, HDMI uku ne, na biyun an rubuta ARC, kuma akwai Optical ɗin ma. Kallo kuwa gaskiya gauraye ne, uwargida finafinan Hausa a YouTube da na Indiya masu fassara, ni ƙwallo a dekoda da finafinan Amurka da wani yaro ke zuba mini a kle, wani lokaci Netflix in na sa forfe mai yawa

Mushe Lissafi: To Alhamdu lillahi tunda akwai ARC rabin aiki ya ƙare. Bari in ɗan warware lambobin nan da za ka gani a kwali don su ne ke rikita mutane. Lambar farko yawan hanyoyin sauti ne, ta biyu wufa ce mai ba da gurnani. 2.0 hagu da dama ba wufa. 2.1 hagu da dama da wufa. 3.1 an ƙara sifika ta tsakiya, kuma ita wannan ta tsakiyar ita ce maganin ciwonka, don masu haɗa sautin fim can suke zuba kusan duk maganar ƴan wasa, kiɗa da ƙarar mota da harbi su tafi gefe. Telenka sifika biyu ƙanana gare ta, galibi ma ƙasa ko baya suke kallo don babu wuri a jikin tele mai siriri, sai ta cakuɗa duka hanyoyin ta matse su cikin biyun nan, shi ya sa magana ke nutsewa. In akwai ta tsakiya daban kana iya ɗaga muryar mutane kaɗai ka bar sauran yadda suke. 5.1 kuma an ƙara biyu na baya. In ka ga lamba ta uku kamar 5.1.2, waɗannan biyun sama suke harba sauti ya bugi plafon ya dawo, na Dolby Atmos ke nan. Ni a ganina da kuɗinka da gidan haya da yara ƙanana, 3.1 ka nema ka huta.

Ɗan Bukoki: Mushe a nan kam ban bi ka ba. Mutum ya ce yana son ya ji kamar sinima kai kuma ka ce 3.1, to ina sautin baya? Ni Sony HT-S20R gare ni, 5.1 ce ta gaske, bar mai sifika uku a gaba da wufa da ƙananan sifika biyu da ake kaiwa bayan kujera, tana da ARC tana da Optical tana karanta Dolby Digital, wato tsarin da ake sa sautin 5.1 na finafinai a ciki, kuma tana cikin masu sauƙin kuɗi a irinta. Ranar da na fara haɗa ta na sa wani fim da ake ruwan sama a ciki wallahi ƙanwata tashi ta yi za ta kwashe shanya. Wannan abin 3.1 ba za ta taɓa ba ka shi ba ko ta nawa ce. Kuma ai 5.1 ma tana da ta tsakiyar, donk ba abin da ya rasa

Mushe Lissafi: Ban ce ba ta da kyau ba ƙanena, na san ta. Amma gaya masa gaskiya game da wayoyi. Ita wannan duk sifikokin da waya suke zuwa su shiga jikin wufa, biyun baya sai ka ja waya ta ratsa salon ko ta bi gindin bango. Mai gida ya yarda a buga ƙusa? Yaro mai rarrafe fa?

Ɗan Bukoki: Ƙarƙashin tapi na bi da tawa shekara biyu ke nan ba abin da ya same ta. In ba ya son doguwar waya akwai yayarta HT-S40R, ita na bayan ba sa haɗuwa da gaba, sai dai ta fi tsada

Mai Gyara Katako: Tsaya in gyara wannan kada ya je ya yi mamaki. Abin da suke ce ma marar waya, tsakanin gaba da baya ne kawai babu waya. Can baya akwai ɗan akwati da za ka sa a piris, daga shi kuma waya biyu su tafi ga sifikokin. Wato sai kana da piris bayan kujera ko ka ja rallonj. Haka wufa marar waya ita ma sai ta sha kuran nata daban. Mutane da yawa na zuwa wurina suna cewa an yaudare su alhali haka abin yake ko'ina.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini shi ne amsar da Alhaji ya ba ni. Ku duba abin da gidansa ke kallo. Finafinan Hausa a YouTube sautin hagu da dama ne. Na Indiya masu fassara su ma haka, wani ma hanya ɗaya ce tak don mai fassarar ya ɗora muryarsa bisa komi. Na kle kuma yaran nan matse fim suke yi don ya shiga da yawa, sautin farko da ake yankewa shi ne na 5.1. To in fim ɗin kansa hanya biyu ya zo da ita, sifikokin baya ko dai su yi shiru ko na'urar ta ƙirƙiro musu wani abu daga na gaba, ba abin da mai fim ya shirya ba ne. Sai a Netflix da finafinan da ba a matse ba ne za ka ci moriyarsu. In kashi takwas cikin goma na kallonku irin na farko ne, kuɗin da za ka zuba a sifikokin baya gara ka zuba shi a bar mai kyan murya.

Baban Nana: Ikon Allah, ashe fim ɗin ma da nasa. To yaya zan gane wanda ke cikin kle ɗina 5.1 ne ko ba shi ba?

Mushe Lissafi: Sa kle ɗin a ordinatar ka buɗe fim da manhajar kallon bidiyo ta VLC, ka shiga wurin bayanin kodek. In ka ga AC3 ko E-AC3 ko DTS da hanyoyi 6 to 5.1 ne, AC3 shi ne Dolby Digital. In ka ga AAC ko MP3 an rubuta stereo to biyu ne. Wani lokaci a sunan fayil ɗin ma ana rubutawa, DD5.1 ko 2.0. Ka ce ma yaron ya riƙa zuba maka masu 5.1, sun fi nauyi kawai. Abu ɗaya, masu DTS ba kowace tele ke karanta su ba, misali telen Samsung tun na 2018 sun daina, sai ka ga hoto ba sauti ka ɗauka bar ce ta lalace.

Baban Nana: Na duba guda goma sha biyu, uku ne kawai masu 6, sauran duk stereo

Ɗan Bukoki: To ai ukun nan ma wani abu ne, kuma daga yau sai ka riƙa zaɓa. Ni dai ina nan kan bakana

Maman Halima: Salamu alaikum, ku yi haƙuri in sa baki. Yaya Baban Nana tunda ka ce gidan haya ne ka yi tunanin maƙwabta tun yanzu. Mu a Talladje bango ɗaya muke da wata tsohuwa mai hawan jini, da maigidana ya kawo tamu daren farko ta aiko jikanta wai mi ke buga bango. Ƙarar magana ba ta ratsa bango sosai amma gurnanin wufa yana bi ta siminti har cikin gado. Abin da ya cece mu telekomandin yana da maɓallin rage wufa shi kaɗai, da wani yanayi na dare da ke danne wurin fashewa ya ɗaga magana. Ka tabbata taka tana da waɗannan biyun, in babu kada ka saya ko da an rage maka kuɗi. Kuma muka janye wufar daga lungu muka ɗora ta bisa ɗan tapi mai kauri, a lungu ƙararta ninkuwa take. Yanzu jaririna na barci muna kallo.

Baban Nana: Wa alaikis salam Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan ko kusa bai zo mini a rai ba kuma mu ma bango ɗaya muke da mutane

Ɗan Ader: Gaisuwa daga Tawa. Ni batun kuran ni ka son in yi magana, don duk wagga hira in wuta ta ƙone abin ta zama banza. Tawa ta hwarko wata huɗu ta yi, an ɗauke wuta an maido da ƙarhi sai wari. Tun sannan ban haɗa komi kai tsaye ga bango. Cikin jikka ɗari da ashirin ɗin ka hidda na regilatar ko aƙalla rallonj mai kariya tun wuri, kuma in wuta ta tahi ka zare har ta dawo ta zauna. Da damana in hadari ya taso da walƙiya a zare duka har wayar dekoda, don ta HDMI ma abin na bi ya kashe ramin ARC. Wanda ke bisa pano na hasken rana kuma shi lura da irin konbertisar da ya ke da shi, mai arha wanda ba pur sinus ba shina sa sifika ta riƙa wani zuuu ƙasa-ƙasa, ni sai da na canza nawa kahin ta yi shiru

Mai Gyara Katako: Gaskiya ne Ɗan Ader, rabin abin da ake kawo mini ɓangaren kuran ne ya ƙone ba sifika ba. Ƙari a kan haka, masu ƴan uwa a waje, mu nan 220V muke a 50Hz, Amurka kuwa 120V ne a 60Hz. In an aiko maka daga can karanta takardar baya, in an rubuta 100-240V sa ta ba fargaba, in 120V kaɗai ne sai da taransfo, kuma ka duba bar daban wufa daban don kowace da tata takardar. Na Faransa ko Dubai ba wannan matsalar. Sai zafin watan Afrilu da Mayu da ƙurar hunturu, kada a kulle ta cikin kabad ba iska, a riƙa rufe ta da ƙyalle in ba a aiki da ita.

Ɗan Kabu-kabu 227: To ni tambaya, mi ya sa sai an wahala da waya, ba sai a haɗa da Bluetooth ba kawai?

Mushe Lissafi: Bluetooth na waƙa ne daga salula. Hanya biyu kawai yake ɗauka, ko bar ɗinka 5.1 ce stereo zai kai mata, kuma yana da ɗan jinkiri sai ka ga baki ya riga murya, a ƙwallo ma ka ga an buga kafin ka ji. Optical ya fi shi nesa, yana ɗaukar Dolby Digital 5.1 lafiya, sai dai ba ya ɗaukar Dolby Digital Plus balle Atmos. ARC ya fi duka a wurin Baban Nana, waya ɗaya ce kuma telekomandin tele shi zai riƙa ƙara murya da ragewa, bar ta kunna tare da tele ta mutu tare da ita, tsofaffi da yara ba sai sun koyi sabon abu ba. ARC ya shigo tun HDMI 1.4 a 2009, eARC kuma da HDMI 2.1 a 2017, shi ne mai faɗin da ke ɗaukar sautin da ba a matse ba irin na faifan Blu-ray. A kuɗin da muke magana ba ka buƙatar eARC.

Baban Nana: Yawwa Mushe, jiya a wata butiki na ga wata an rubuta Dolby Atmos da manyan baƙaƙe kuma kuɗinta bai kai nawa ba, bar ce kawai ba wufa ba komi, mai butikin ya ce ita ce ta zamani

Mai Gyara Katako: Karanta Atmos daban, fitar da shi daban. Atmos an fara shi ne a gidajen sinima a 2012 da sifikoki a rufi. A gida in ana son a kwaikwaya sai bar ta kasance da sifikoki masu kallon sama kuma plafon ya zama shafaffe mai tauri ba mai tsawo sosai ba. Ƙaramar bar mai sifika biyu da aka rubuta ma Atmos dabarar lissafi ce take yi ta ruɗi kunne, irin su DTS Virtual:X ma haka ne, sautin yana ɗan buɗewa gefe da gefe in kana zaune tsakiya daidai, amma ba za ka ji abu a bayanka ba. Kuma a Netflix sai mai babban abonma ke samun Atmos. Kada ka biya ko dala saboda wannan rubutun.

Hamma Yantala: Ni gargaɗi ɗaya zan ƙara don ya faru da ni. Na sayi wata da sunan babban kamfani a jiki, kwali mai kyau, farashi rabin na ko'ina, na yi murna na kai gida ashe jabu ce, ramin HDMI ɗin ma ado ne ba a haɗa shi da komi ba a ciki, da na koma mai shagon ya ce shi bai san zancen ba tunda ba faktir. Don haka lambar model ɗin da ke kwali ka buga ta a intanet ka ga ko kamfanin na da irinta kuma hoton ya yi daidai, ka ɗaga ta ka ji nauyi, jabu kamar fanko take. A rubuta maka faktir da garanti ko na wata uku ne. Kuma kada ka yarda a gwada maka da waƙa ta Bluetooth, kowace sifika daɗi take da waƙa mai kiɗa, je da kle ɗinka a haɗa da tele ta ARC a sa wurin da mutane biyu ke magana a hankali

Ɗan Bukoki: In dai 3.1 ɗin za ka bi to aƙalla nemi wadda ake iya ƙara ma na baya daga baya, wasu na Samsung suna da haka, ana sayar da sifikokin baya daban. Don na san wata shida za ka dawo nan kana neman su

Baban Nana: Jama'a na dawo da labari. Ranar Asabar na shiga babbar kasuwa da kle ɗina kamar yadda Hamma ya ce, shago uku na zaga, biyu sun ƙi haɗa mini da tele sai na wuce, na ukun ya haɗa. Na saurari 2.1 da 3.1 da wata 5.1 duk da wuri ɗaya na fim ɗaya, gaskiya 5.1 ɗin ta burge ni Ɗan Bukoki ba ka yi ƙarya ba, amma da na tuna wayoyin da Nana da ba ta bar komi a ƙasa sai na ɗauki 3.1 ta Hisense mai wufa marar waya, jikka ɗari da biyar bayan ciniki, da faktir, tana da rage wufa da yanayin dare Hajiya. Sauran kuɗin na sayi rallonj mai kariya, regilatar sai ƙarshen wata. Sai dai na haɗa a gida ta HDMI 2 sauti na nan yana fita ta tele, bar ɗin shiru, a shago kuwa ta yi

Mai Gyara Katako: Ba lalacewa ba ce. Da farko tabbata a jikin bar ɗin ma ramin da aka rubuta ARC ko TV ka sa, kuma ka danna Source har ta nuna ARC. Sannan shiga reglaj na tele ka kunna HDMI-CEC, wato abin da ke sa tele da bar su ji juna ta wayar HDMI, in a kashe yake ARC ba ya tashi, kowane kamfani da sunan da ya ba shi, Samsung Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync, wasu CEC kawai suke rubutawa. A wurin sauti ka zaɓi fita ta ARC maimakon sifikar tele, fitar dijital kuma ka sa ta Auto ko Passthrough, in ka bar ta a PCM hanya biyu kawai za ta riƙa aikawa ta tsakiyar ba za ta samu nata daban ba. In duk ka yi bai yi ba zare su duka daga piris minti ɗaya ka mayar, tele da farko.

Baban Nana: CEC ɗin ne a kashe, na kunna ta kama nan take. Yanzu haka muna kallo da vantilatar a lamba uku murya a 14 kuma ina jin kowace kalma, wufar na rage ta zuwa ƙasa na ɗora bisa tapi. Allah ya saka ma kowa da alheri. Malam in na karɓi albashi zan biyo ta Katako ka duba mini regilatar da ta dace, tele da dekoda da bar da wufa duka nike so ta ɗauka

Mai Gyara Katako: Allah ya kai mu. Kafin ka zo ɗauki hoton takardar bayan kowane ɗaya cikin huɗun ka taho da shi, mu tara wat ɗin mu ga ko 1000VA ta isa.